Sunan da ke kan tsohuwar bindigar Ingila, shi ne na maƙerinta?

Jama'a, ku dubi wannan bindiga mai baki biyu, irin wadda Turawan Ingila ke harbin tsuntsaye da ita. Tsakanin bututun biyu akwai siririn ƙarfe, a kansa an zana suna da adireshi. Da yawa daga nan suke yanke hukunci, su ce ga wanda ya ƙera. To, a yi hattara.

A ƙarni na 19, unguwar maƙeran bindiga ta Birmingham tamkar kasuwa ce, kowa da sana'arsa. Wannan bututu yake yi, wancan ƙota yake sassaƙawa, wani kuma zane kawai ya iya. In an haɗa, sai mai shago daga wani gari ya saya, a buga masa sunansa. Kamfanin Army & Navy na Landan ya sayar da bindigogi masu ɗimbin yawa da sunansa, alhali a wajen maƙera irin su Webley & Scott yake saro su.

Saboda haka mu kifa ta. Bayan an tabbatar babu harsashi, a cire katakon gaba, a raba bututun da jikin bindigar. Kun ga waɗannan ƙananan tambura a ƙasa? Nan maganar take. Dokar Ingila ta tilasta a gwada kowace bindiga kafin a sayar, kuma gidajen gwajin biyu ne: na Landan, wanda ƙungiyar maƙeransa ta samu izinin sarki a 1637, da na Birmingham da aka kafa a 1813. Kambi a kan haruffan GP na Landan ne. Sandunan sarauta biyu a gicciye, ko BP da BV ƙarƙashin kambi, Birmingham ke nan. In kun ga NOT FOR BALL, tsakanin 1875 da 1887 aka gwada ta. Tambarin BNP na Birmingham kuwa sai daga 1954. Tambari ba ya faɗin sunan maƙeri, amma yakan ƙaryata suna. Adireshin Landan a sama, tambarin Birmingham a ƙasa? Da alama aikin Birmingham ne.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai. Wannan na birnin Liyej ne a Beljiyam, inda aka riƙa buga W. Richards a kan bindigogi masu araha, don mai saye ya zaci ta Westley Richards ce, shahararren gidan ƙera bindiga na Birmingham.

Ginin cikinta ma sai an lura. William Anson da John Deeley, ma'aikatan Westley Richards, sun fito da nasu tsarin ginin cikin bindiga a 1875, amma daga baya kusan kowa ya kwaikwaya, don haka ganinsa ba hujja ba ce.

Sai lamba. Manyan gidaje irin su Purdey, da aka kafa a 1814, da Holland & Holland na 1835, suna riƙe da tsofaffin kundayensu. A duba ko lambar bututu ta yi daidai da ta jikin bindigar, sannan a aika musu. In tasu ce, sau da yawa har sunan wanda ya fara sayenta da shekarar suna nan a rubuce.