Amsoshin tambayoyinku: yadda alƙalai ke auna giyar da ke ƙarasa nuna a cikin kwalba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardarmu ta farko ta fito ne daga Zariya, daga wata ɗaliba mai karatun kimiyyar abinci. Ga abin da take cewa: "A darasi an ambata mana wata giyar Ingila da ake kira pale ale, wadda ake toshewa a kwalba alhali yis ɗinta yana da rai. An ce har gasa ake shiryawa, alƙalai su ɗanɗana su ba da maki. To me suke aunawa, tunda kowa da irin bakinsa?"

Malama, mun gode da wannan tambaya. Sanin kowa ne Musulunci ya haramta giya, don haka abin da za mu kawo miki bayani ne na ilimi kan yadda masu wannan sana'a ke aikinsu a ƙasashensu.

Ita pale ale da abu huɗu ake yin ta: tsiron sha'ir, ruwa, yis, da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, wanda shi ke ba ta ɗaci da ƙamshi. A da, da wutar itace ake busar da tsiron sha'ir ɗin, sai giyar ta fito baƙa da warin hayaƙi. Da aka koma busarwa da gawayin kwal marar hayaƙi, sai launinta ya washe ya koma ruwan zuma. Garin da ya yi suna a kanta shi ne Burton na Ingila, a bakin kogin Trent, saboda ruwan rijiyoyinsa na ɗauke da sinadarin jifsam mai fito da ɗacin hof sarai. A can William Bass ya kafa kamfaninsa a 1777, kuma daga shekarun 1820 garin ya riƙa loda ta a jiragen ruwa zuwa Indiya.

Yawancin giyar kasuwa tace ta ake yi, a kashe ƙwayoyin cikinta da zafi, sannan a ɗura mata gas da inji. Wannan kuwa ana barin yis kaɗan a ciki, a ƙara ɗan sukari, a toshe. Yis ya ci sukarin ya fitar da iskar kabon dayoksaid, iskar ta rasa mafita sai ta narke a cikin ruwan. Duk wanda ya taɓa manta gorar kunun zaƙi a rana, ya dawo ya tarar ta kumbura tana huci, ya ga irin wannan aiki, sai dai a nan auna sukarin ake yi daidai wa daida. Bayan mako biyu zuwa uku a ɗaki mai ɗumi, yis ɗin sai ya kwanta a gindin kwalba. Abin da ke ciki bai daina sauyawa ba, shi ya sa kwalba biyu daga tukunya ɗaya kan bambanta idan ba a wuri ɗaya aka ajiye su ba. Ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa a 1971 don kare giyar gargajiya ta Birtaniya, tana daraja irin wannan kwalba saboda wannan rai da ke cikinta.

Yanzu ga aikin alƙali. Ba a gaya masa wanda ya yi giyar, lamba kawai yake gani. Tun kafin ya buɗe zai ɗaga kwalbar ya duba wuyanta: idan akwai zobe-zoben datti a daidai inda ruwan ya tsaya, ya fara zargin baƙin ƙwayoyi sun shiga. Sai ya kasa kunne wajen buɗewa. Huci kaɗan ake so. In shiru ne, yis bai yi aiki ba. In kuwa kumfa ta yi tsartuwa ta malale teburi, to ko sukari ya yi yawa, ko an yi gaggawar toshewa, ko wani yis na daji ya kutsa. A hankali yake tsiyayawa cikin kofin gilashi, ya rage kamar faɗin yatsa a ƙasa don kada abin da ya kwanta ya gurɓata launi. Ba kowa ke bin wannan ba, domin masu shan giyar Coopers ta birnin Adelaide a Ostireliya har mirgina kwalbar suke yi da gangan don yis ɗin ya gauraya. Kuma ba a kawo ta da sanyi ƙarara, wajen digiri 11 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyos ake so, don sanyi na danne ƙamshi.

A takardar makin hukumar BJCP mai tantance alƙalan giya, wadda aka kafa a Amurka a 1985, maki 50 ne: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, sai 10 na yadda ta gamsar gaba ɗaya. Da hanci ake farawa, don ƙamshi ba ya jira. Ta Ingila ana sa ran jin ƙamshin gasasshen burodi da na hof irin su Fuggle da Goldings, mai kama da ganye da ƙasa. Ta Amurka kuwa, irin wadda kamfanin Sierra Nevada ya fara yi a Kalifoniya a 1980 da hof ɗin Cascade, ƙamshin ɓawon lemo take bugowa da shi. Abin da ya zama ado a wannan zai iya zama kuskure a waccan, saboda haka ba a tambayar alƙali ko ta yi masa daɗi, ana tambayarsa ko ta cika siffar jinsinta. Kuma haɗiyewa yake yi, ba ya tofarwa, don ya ji yadda ɗacin ke saura bayan an haɗiye.

A ganina inda gwanintar take shi ne gane aibi da sanadinsa. Warin man shanu na nuna an raba giyar da yis kafin ya gama aikinsa. Warin jiƙaƙƙen kwali na nuna iska ta shiga ko giyar ta tsufa. Akwai wani ɗoyi da ke tasowa idan haske ya bugi sinadaran hof, dalilin da ya sa ake fifita kwalba mai ruwan ƙasa a kan koriya ko fara. Tsami kuma aikin bakteriya ne. Alƙalin kirki ba ya tsayawa a ba da lamba, sai ya rubuta wa mai giyar abin da ya ji da inda yake zaton aka kuskure.

Maganarki ta bambancin baki kuwa tana kan hanya, malama. Akwai mutanen da ba sa jin warin man shanun nan sai ya yi yawa ainun. Don haka ake horar da alƙalai da samfurin da aka sa wa aibi da gangan, kuma ba a barin mutum ɗaya ya yanke hukunci. Kowa ya rubuta nasa shi kaɗai, in tazarar maki ta yi faɗi su zauna su tattauna.

Takarda ta biyu daga Tamale take a ƙasar Ghana. Wani malami ne ke tambaya ko fito da burukutu ma haka ake sarrafa su.

Malam, akwai dangantaka, domin su ma ba a tace yis ɗinsu a kashe shi, suna kan aiki ake sayar da su. Amma da tsiron dawa ake yin su, babu hof a ciki, kuma tsamin da alƙalin pale ale zai rage wa maki, a wurinsu shi ake nema. Ba sa jure ajiya, cikin 'yan kwanaki suke lalacewa. Sannan sukarin da ya rage a cikinsu ba aunanne ba ne, saboda haka in aka toshe su gam a kwalbar gilashi, iskar na iya taruwa har kwalbar ta fashe.