Wai Manhajar Makarantar Fada Daga Roma Ake Kawo Ta?

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da aka fara neman wa yara gurbin firamare ake ta yawo da wata magana a WhatsApp, wai makarantun Katolika karatunsu daban ne, daga wajen Fafaroma ake aiko musu, har ma wai ana yi wa yara baftisma a ɓoye. Toh ku biyo ni mu leƙa wata makarantar Katolika.

Tarihin dai a gurguje. Fada-fada, wato limaman cocin Katolika, na ƙungiyar mishan ta SMA sun sauka Shendam da ke jihar Filato ta yanzu a 1907, daga baya aikin ya iso Kaduna, kuma kusan duk inda suka kafa coci sai ka ga aji a gefe. A farkon shekarun 1970, zamanin da Abba Kyari ke gwamnan soja a Kaduna, gwamnati ta karɓe makarantun mishan, firamare suka koma hannun LEA, St. John's ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Queen Amina.  Firamaren Katolika da ake biyan kuɗi yau yawancinsu daga baya cocin ta sake buɗe su, masu zaman kansu ne.

Yawwa, ga inda ake ruɗewa. Abu biyu ne ake cakuɗawa. Na farko manhaja, wato lissafi, Turanci, kimiyya da sauransu, wannan hukumar NERDC ce ta gwamnatin tarayya ke tsarawa, ita ce dai a LEA, ita ce a makarantar Fada, kuma yaron da zai zana kwaman entaran na NECO takarda ɗaya za a miƙa masa ko daga ina ya fito. Babu hannun Roma a ciki.

Na biyu katikisim. Shi darasin koyarwar Katolika ne da ake shirya yaran da aka riga aka yi wa baftisma don su fara karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake ba masu ibada a coci, galibi ma a coci katikis, wato malamin addini, ke yin sa. Baftisma kuwa ba a yi wa yaro a ɓoye don ya zauna a aji, dokar cocin kanta ta ce ƙaramin yaro sai da yardar uba ko uwa, kuma ta hana a tilasta wa kowa shiga addinin. Wannan ya kamata kowa ya riƙe kafin ya tura saƙon can gaba.

Amma fa kar in ɓoye muku, makarantar Katolika ce ba ta jin kunyar hakan. Dubi asambilin nan, da alamar gicciye ake buɗewa, ga gicciye a bangon aji, ga Sista tana duba farce da takalmi ɗaya bayan ɗaya. Ni wannan tsaftar da kiyaye lokacin suna burge ni ƙwarai, da ma duk makarantunmu haka suke.

Don haka Alhaji, Hajiya, in za ku kai yaro ku zauna da hedimasta ku tambaya kai tsaye, lokacin addu'a ina ɗana zai tsaya, akwai malamin darasin Musulunci, ranar Juma'a ƙarfe nawa ake tashi? Amsar ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, ta Kakuri ba lallai ta zo ɗaya da ta Sabon Tasha ba.

Kun ji ƙararrawar nan? Ƙarfe 12 ke nan, addu'ar Anjelus ce, minti biyu zuwa uku su koma aji.