Amsoshin Tambayoyinku: Gidajen Tarihin Teku da Mutanen Gaɓa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware a wannan mako, kuma dukansu sun taɓo batu guda, wato gidajen adana tarihin teku da irin ayyukan da suke yi tare da mazauna garuruwan da ke bakin gaɓa.

Wasiƙa ta farko daga wata malamar makaranta ta fito. Ta ce tana jin ana cewa irin waɗannan gidaje suna shirya ayyuka da jama'ar gari, alhali ita a iya saninta gidan tarihi wuri ne da ake jera tsofaffin kaya a cikin gilashi, mutum ya shiga ya kalla ya fita. Tambayarta ita ce, mene ne aikin jama'a a ciki?

To Malama, abin da kika sani haka yake a da. Babban gidan tarihin teku na Birtaniya da ke Greenwich a birnin Landan, wanda aka buɗe a shekarar 1937, ya fi shahara da kayan manyan hafsoshin ruwa, kamar rigar da Nelson yake sanye da ita lokacin da aka harbe shi a yaƙin Trafalgar a 1805. Wannan tarihi ne na sarakuna da mayaƙa. Amma mafi yawan mutanen da suka yi rayuwarsu a kan teku masunta ne, da 'yan dakon tashar jiragen ruwa, da masassaƙan kwale-kwale, da matan da ke gyaran kifi da ɗinkin koma, kuma waɗannan ba su bar littattafai ba. Abin da suka sani yana cikin kawunansu da hannuwansu. Saboda haka duk gidan tarihin da ke son ba da labarin gaɓarsa da gaske, dole ne ya fita ya nemi masu labarin, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Aikin da ya fi yawa shi ne tattara tarihin baka. Ana zama da dattijo ko dattijuwa, a nemi izininsu a rubuce, a naɗi hirar, sannan a rubuta ta a adana. Akan kuma sa rana ta musamman a baje tsofaffin hotuna, a gayyaci mutanen gari su zo su faɗi sunan jirgin da ke ciki da sunayen mutanen da ke tsaye a kansa, domin hoton da ba a san ko su wa ke cikinsa ba rabin shaida ne. A irin wannan zama ne ake jin abubuwan da babu su a taswira. Kafin zuwan na'urorin zamani, masunci yakan gane wurin da kifi yake ne ta hanyar daidaita alamu biyu na kan tudu, misali ƙololuwar wani dutse da hasumiyar wani gini, kuma kowane irin wannan wuri yana da sunansa da ake gada daga uba zuwa ɗa. Haka nan labarin matan Scotland da suke bin ayarin jiragen kamun kifin herin daga arewa har zuwa Great Yarmouth a Ingila, suna aiki uku-uku, biyu na feɗe kifin ɗaya na jera shi cikin ganga da gishiri, da yawansa daga bakinsu da bakin 'ya'yansu aka samo shi.

Misalin da ya fi burge ni yana wani ƙaramin garin masunta da ake kira Anstruther a gabashin Scotland, inda aka buɗe gidan tarihin kamun kifi a 1969. A shekarar 2009 gidan ya sa wani gwanin zanen jiragen ruwa mai suna Iain Oughtred ya tsara kwale-kwale mai tsawon ƙafa 22, mai ɗaukar matuƙa huɗu da mai riƙe akala ɗaya, aka sa masa suna St Ayles. Hikimar ita ce, ana yanka katakon a shirye, mutanen gari su haɗa kuɗi su saya, su harhaɗa shi da hannunsu, sannan su fita tsere da maƙwabtan garuruwa kamar yadda kakanninsu suke yi. Cikin 'yan shekaru aka gina ɗaruruwa, abin ya tsallaka zuwa Amurka da Ostireliya da Holan, har aka yi gasar duniya ta farko a garin Ullapool a 2013. Wanda ya kwashe watanni yana lanƙwasa katako yana manna shi, ya fahimci aikin masassaƙin da ya gabace shi fiye da wanda ya karanta bayani a jikin bango. A Roskilde ta ƙasar Denmak ma, inda aka tono jirage guda biyar na Viking, wato matafiyan teku na arewacin Turai a zamanin da, a 1962, ana sassaƙa irinsu da gatari a gaban masu ziyara, kuma ɗaya daga cikin sababbin da aka sassaƙa ya yi tafiya har zuwa Dublin ta ƙasar Ireland a 2007.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce. Wani ɗalibi ne yake tambaya ko mutumin da bai karanci ilimin tona kayan tarihi ba zai iya ba da gudummawar da masana za su amince da ita.

Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, kuma dalilin shi ne teku ba ta jiran masana. A 2013 igiyar ruwa ta tone sawun ƙafafun mutane a gaɓar Happisburgh da ke gabashin Ingila, waɗanda aka ƙiyasta sun haura shekara 800,000, kuma cikin kimanin mako biyu ruwan ya shafe su, sai hotunan da aka yi saurin ɗauka suka rage. Garin Dunwich, wanda babbar tashar jiragen ruwa ce a zamanin da, teku ta cinye mafi yawansa tun daga guguwar 1286. Wannan ne ya sa a 2015 aka kafa shirin CITiZAN a Ingila, wanda ya horar da 'yan sa-kai su riƙa aunawa da ɗaukar hoton duk abin da zaizayar gaɓa ta fito da shi, su aika ta wayar hannu. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta wurin da ranar, kuma kada a ɗauke kayan daga inda aka gan shi.

Wasiƙa ta uku ta fi nauyi, kuma daga wani dattijo ta zo. Ya ce yana zargin irin waɗannan shirye-shirye biki ne kawai na tuna da, kuma yana so ya ji ko suna taɓo abubuwan kunya na tarihin teku, musamman cinikin bayi.

Ranka ya daɗe, zarginka yana da tushe, domin an daɗe ana kauce wa wannan batu. Jiragen birnin Liverpool sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa bauta, amma sai a 1994 gidan tarihin teku na birnin ya buɗe sashe na musamman a kan haka, sannan a ranar 23 ga Agusta, 2007 aka buɗe gidan tarihin bauta na ƙasa da ƙasa a cikin ginin. Baƙaƙen fatar birnin, waɗanda wasunsu jikokin ma'aikatan jirgi ne daga Saliyo da Laberiya da Najeriya, sun daɗe suna matsa lamba kafin a kai ga haka, kuma da su ake taron tunawa da ake yi duk shekara a wannan rana.

Labarin jirgin Clotilda ya fi fito da batun fili. A 1860, shekara 52 bayan Amurka ta haramta shigo da bayi, wannan jirgi ya kawo mutum 110 daga Ouidah da ke Jamhuriyar Benin ta yau zuwa jihar Alabama, sannan masu shi suka ƙone shi suka nutsar domin ɓoye laifinsu. Waɗanda suka tsira sun kafa unguwar Africatown, kuma jikokinsu sun riƙe labarin a baki fiye da ƙarni ɗaya da rabi, wasu na gaskata su wasu na musantawa. Sai a 2019 masana suka tabbatar da ɓaraguzan jirgin a cikin kogin Mobile, a 2023 kuma aka buɗe gidan baje kolin tarihinsa a cikin unguwar kanta, ba a tsakiyar birni ba.

Inda nake tare da kai, ranka ya daɗe, shi ne cewa ba kowane shiri ne ya kai wannan matsayi ba. Akwai gidajen da suke gayyatar jama'a su kawo hotuna da labarai, amma idan aka zo yanke shawarar abin da za a rubuta a bango sai a rufe ƙofa. A ganina ma'aunin shiri na gaskiya shi ne ko masu labarin suna cikin kwamitin da ke tsara baje kolin, ko an mayar wa iyali kwafin hirar da aka yi da mahaifinsu, da kuma ko mutum yana da ikon cewa kada a saki wani ɓangare na maganarsa sai bayan ransa. Duk mai sauraron da aka nemi ya ba da labarin gidansu ga irin wannan shiri, yana da haƙƙin ya yi waɗannan tambayoyi kafin ya sa hannu a takarda.

A nan za mu dasa aya a shirin na wannan mako. Sai ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, mu kwana lafiya.