Damina Ta Sauya Hali: Me Ake Koyarwa a Horon Jure Sauyin Yanayi?

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan da kuke gani gonar gero ce a ƙasar Gumel. An yi shuka da ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke har mako biyu. Ga tsiron nan ya ƙone, iri ya tafi, sai dai a sake. Can wajen Auyo da Haɗejiya kuwa kukan daban ne, domin a 2022 ambaliya ce ta shanye gonakin shinkafa. Jiha ɗaya ce fa, Jigawa, amma wani na roƙon ruwa, wani na gudunsa.

To, saboda irin wannan ne ake horar da malaman gona da matasan ƙauye dabarun jure sauyin yanayi. Me ake koya musu?

Babban darasi shi ne karanta hasashen damina. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da shi a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, kwana nawa damina za ta yi. Matsalar ita ce takardar ba ta shiga gona da ƙafarta. Sai an sami wanda zai zauna a dandali ya ce, "Baba, bana daminarmu gajeriya ce, kada a zuba dawa mai daɗewa." Ana koya masa kafa ma'aunin ruwan sama, ya riƙa rubuta abin da ya sauka kowace safiya. Masana kan ce ruwan shuka shi ne wanda ya kai kamar milimita 20 cikin kwana uku, ba yayyafin da ya kwantar da ƙura kawai ba. Kuma a riƙe cewa hasashe hasashe ne, sanin gaibu sai Allah. Wanda ya horu da kyau ba ya rantsuwa a kan rana.

Daga nan sai zaɓen iri. Gero SOSAT yana nuna da wuri. Shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, suna iya jure nutsewa a ruwa kusan mako biyu, abin da mutanen fadama suka daɗe suna nema.

Ku dubi hannun wannan matashin. Rami yake haƙawa a faƙo, faɗin tafin hannu biyu, ya tara ƙasar ta gefen gangare, ya zuba taki cikin hannu ɗaya. Makwabtanmu na Nijar tassa suke ce masa. Ruwa in ya zo, a nan zai tsaya ya sha ƙasa. Daga wajensu, a yankin Maraɗi, aka ga amfanin barin kututture ya tofo lokacin sassabe, a rage rassan a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Gawo dai kun san shi: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki kyauta.

Akwai kuma sana'a a ciki. Injin ban-ruwa mai sola ya fara yawa a noman rani, amma in ya lalace sai an nemo mai gyara daga birni. Yaron da ya koyi wannan gyaran ba zai zauna banza ba.

Bari in faɗi gaskiya: horon da aka yi a ɗakin taro na otal, aka raba takardar shaida da kuɗin mota aka watse, ba shi nake nufi ba. Na kirki a gonar gwaji ake yinsa, daga sharar gona har girbi.

Mai son shiga ya fara da malamin gona na yankinsa, na hukumar raya aikin gona ta jiha, wato JARDA a Jigawa, KNARDA a Kano, ya kuma tambayi shirin ACReSAL na jure sauyin yanayi da Bankin Duniya ke tallafawa. Mai neman karatu mai zurfi, akwai Kwalejin Noma ta Audu Baƙo a Ɗambatta, da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Kafin ka rubuta suna, ka tambaya ko akwai gonar gwaji, da wanda zai dawo duba ka bayan shuka.