Jawabin Maraba Ga Mai Girma Jakada Daga Ɗaliban Dokar Cinikayyar Ƙasa Da Ƙasa A Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma babban baƙonmu, tsohon Jakada, wakilin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, shugaban tsangayarmu, shehunan malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Birnin Shehu. Sannu da hanya, sannu da zafin rana. Mun san ka shekara da shekaru a cikin sanyin Janeba, mazaunin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sai ga shi mun kira ka a tsakiyar bazara. Ka yi mana afuwa, ba mu da iko da kalandar karatu. Ni abokan karatuna suka wakilta, masu digiri na biyu da masu na uku, in yi maka maraba, in kuma faɗa maka abin da ya zaunar da mu a wannan fanni.

Tambayar da aka fi yi mana a gida ita ce: me ya haɗa ɗan Sakkwato da dokar cinikin duniya, garin da ko teku ba shi da shi? Amsarmu tana cikin tarihin garin nan. A 1824 Kyaftin Clapperton ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ciniki na cikin manyan abubuwan da suka tattauna. A 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya zo a madadin kamfanin da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru da kuma Sarkin Gwandu. A wurin iyayenmu, izinin fatauci aka ba baƙo. Kamfani kuwa ya ɗauki takardar ya kai Turai yana nuna ta a matsayin hujjar iko da ƙasa. Shekara goma sha takwas bayan haka, a 1903, sojan Ingila suka shigo Sakkwato. Malamin da ya fara koyar da mu wannan fanni da takardar nan ya buɗe darasi, kuma tun ranar babu wanda ya ƙara ganin karanta sharaɗi kalma bayan kalma a matsayin ɓata lokaci.

Ba kuma da hannu biyu muka shigo fagen ba. Mafi yawanmu mun bi ta zaure kafin mu zo aji, mun karanta babin ciniki a Risala, mun san salam, wato biyan kuɗi kafin a kawo kaya, da ƙiradi, wato ba da jari a raba riba, mun san dalilin da ya sa aka hana garari, wato cinikin da ba a san tabbacinsa ba. Da muka iso kan yarjejeniyar sayar da kaya tsakanin ƙasashe, wadda aka yi a Biyana a 1980, sai muka tarar tambayoyin tsofaffi ne: yaushe ciniki ya faɗa, wa ke ɗaukar asara idan kaya sun lalace a hanya, me mai saye zai yi idan ya ga aibi. Harshe ne ya sauya, sai kuma girman kuɗin.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ba mu aiki shi ne iyakar da ke kusa da mu. Daga nan zuwa Illela tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, daga can ka leƙa sai Birnin Ƙonni. Motar albasa ɗaya da za ta tsallaka, dokoki hawa uku ke kanta. Akwai na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda Nijeriya ke cikinta tun ranar da ta fara aiki, 1 ga Janairun 1995, kuma 'yar ƙasarmu Dakta Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabancinta tun Maris na 2021. Akwai tsarin ECOWAS na sassauta haraji kan kayan da aka samar a yankin. Akwai kuma yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda aka buɗe sa hannunta a Kigali a 2018, Nijeriya ta jinkirta sai a Yulin 2019 ta sa hannu, a Yamai. Wata ɗaya bayan wannan sa hannu aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayansu bisa tsohon tsari har sai an yi sabuwar sanarwa. To, dillalin da zai loda buhu ɗari uku a kan alkawarin "har sai an yi sanarwa", wace kariya yake da ita? Mutum uku a cikinmu a kan wannan gaɓa suke rubuta kundinsu, kuma har yau ba su daidaita ba.

Ga kuma batun asalin kaya, wanda a takarda yake da sauƙi, a bakin iyaka kuwa ya fi komai rikici. Shinkafar Tailan da ta sauka a Kwatano, aka sauya mata buhu, ba ta zama 'yar Afirka ta Yamma ba. Amma fatar jan akuyarmu da aka jeme a Kano aka ɗinka takalmi da ita a wata ƙasa fa? Wannan fata ta daɗe da sanin ciwon nan. Ƙarni da yawa tana ƙetare Sahara, ta isa Turai da sunan fatar Maroko. Wake ma ya koya mana darasi: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari da ake zuba masa a wurin ajiya. Ba haraji aka ƙara ba, ma'aunin lafiya aka ɗaga, kuma dokar WTO ta yarda da hakan muddin akwai hujjar kimiyya. Manomin Gwadabawa bai taɓa jin sunan wannan doka ba, amma ta shiga rumbunsa.

Ba za mu ɓoye maka shakkunmu ba, tunda kai ka zauna a ɗakin da ake yanke waɗannan abubuwa. Muna karanta cewa kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta tsaya cak tun Disambar 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Wani abokinmu ya tambaya a aji, idan mai ƙarfi zai iya kulle kotu ya tafi da makulli, me muke haddacewa? Mun amsa masa da shari'ar kwangilar iskar gas tsakanin Nijeriya da kamfanin P&ID, inda wata kotun Landan a Oktobar 2023 ta soke hukuncin sasanci da ya kai kusan dala biliyan 11 a kan Nijeriya, bayan ta gano an samo kwangilar ta hanyar cin hanci. Bai gamsu ba, ya ce lauyoyin waje aka ɗauka da kuɗi masu yawa. A nan ni ma na rasa bakin magana, don haka muka ajiye maka tambayar.

Da yake baƙon alheri ba a barinsa ya tafi ba a roƙe shi ba, muna da buƙata biyu. Ta farko, ka sa baki a riƙa ɗaukar wasu daga cikinmu, ko na wata uku ne, su zauna a bayan masu tattauna yarjejeniyoyin ciniki a Abuja ko a sakatariyar kasuwar Afirka da ke Akra, su ga yadda ake jan kalma ɗaya har tsawon yini. Gani ya kori ji. Ta biyu, littattafan wannan fanni da mujallunsa da dala ake sayensu, littafi ɗaya yakan cinye kuɗin abincin ɗalibi na wata. Idan akwai tsofaffin bugu a ɗakin karatunka da ka gama da su, mun tanadi kantar ajiye su.

Ranka ya daɗe, ga 'yar tsarabarmu: tumtum na fatar jan akuya, jimar Sakkwato, ɗinkin Sakkwato, da ƙunshin kilishi. Shi kilishin dai a ci shi a gida, domin mun karanta dokar shigar da nama Turai, mun san ba zai wuce filin jirgi ba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mayar da kai gida cikin iyali lafiya. Bismillah, fili naka ne, kunnuwanmu na wurinka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.