Tsohuwar Rautar da ke Sito: Akwai Wanda Ya Fi Baban Bola Buƙatarta

[Hoto: kwali cike da tsofaffin na'urori, wayoyi a cukurkuɗe]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar tsofaffin na'urorin raba intanet za mu yi, wato rauta, da waɗannan fararen rediyoyin da kuke hangowa a kan rufin benaye a Garki da Wuse. Da wuya ka shiga ofis a Abuja ka rasa kwali guda na irinsu a sito. An canja kamfanin intanet, ko an ja fayiba, ko oga ya sa Starlink tun da ta shigo Najeriya a 2023, sai aka tattara tsofaffin aka jibge. Ƙarshensu baban bola, ya kai Panteka a fasa a cire ɗan tagullar ciki. Alhali akwai masu rubuta manhaja da ke neman irin waɗannan na'urori ruwa a jallo.

[Hoto: hannu yana kwance rauta da sukudireba]

Mu buɗe ɗaya mu gani. Ga fanel ɗin, bai wuce tafin hannu ba. Wannan baƙin mai kusurwa huɗu a tsakiya shi ne ƙwaƙwalwar, galibi ƙirar MediaTek ko Qualcomm ko Broadcom. Wannan ƙaramin mai ƙafa takwas shi ne ma'ajin da manhajar take kwance a ciki. Rauta dai kwamfuta ce cikakkiya, allo da madannai kawai ta rasa, kuma yawancinsu babbar manhajar nan ta kyauta, Linux, ce ke tafiyar da su.

A nan labarin ya samo asali. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fitar da wata rauta mai launin shuɗi da baƙi, WRT54G. A 2003 masu bin diddigi suka gano Linux ne a cikinta. Shi kuwa Linux lasisinsa, GPL, ya ce in ka sayar wa mutane na'ura da shi, dole ka ba su rubutun manhajar. Aka matsa wa kamfanin, wanda Cisco ta saye a wannan shekarar, har ya saki. Daga wannan rubutun aka kafa OpenWrt a 2004, manhajar da yau take aiki a kan ɗaruruwan nau'o'in rauta, kuma 'yan sa-kai ne ƙashin bayanta.

To me ya sa mai rubuta manhaja zai buƙaci tsohuwar na'urarka? Domin wannan aikin ba a yinsa da ka. Kowane guntun Wi-Fi, kowace kafar waya, har ƙananan fitilun nan da ke ƙyaftawa, sai an rubuta musu umarnin da ya dace da su, a loda, a kunna, a ga abin da zai faru. Wani a Jamus zai iya gyara layi uku don na'urar da ke gabansa, gyaran ya kashe Wi-Fi a wata na'urar da bai taɓa riƙewa ba. In babu mai irinta da zai ce ga abin da ya lalace, shi ke nan, haka za ta zauna. Kuma abin da ba mai gwadawa cire shi ake yi. A 2018, a fitowar Linux 4.17, an share tallafin gidajen ƙwaƙwalwa takwas a lokaci guda, irin su Blackfin da Tile, saboda babu sauran masu amfani da su ko masu kula. Mutanen OpenBSD, wata babbar manhajar kyauta irin Linux da Theo de Raadt ya kafa a 1995, har shafi na musamman suke da shi inda masu aikin ke lissafa na'urorin da suke so a ba su. Da irin wannan haƙurin ne OpenBSD ta hau EdgeRouter Lite ta kamfanin Ubiquiti, wadda ba don ita aka ƙera ta ba.

Kada wani ya ce wannan sha'anin Turawa ne. Mu ne muka fi kowa daɗewa da na'ura. Kamfani yakan daina gyara manhajar rauta bayan 'yan shekaru, mu kuwa muddin fitila na kamawa muna nan da ita. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin rautoci da kyamarori, ta hanyar kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, kimanin 60 kacal take gwadawa. Da su aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, farmaki, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa a Amurka. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi ba. Rautar da OpenWrt ke tallafawa kuwa tana ci gaba da samun gyara ko da kamfaninta ya manta da ita.

[Hoto: takardar da ke manne a bayan rauta]

Amma ba kowace ce ta cancanci wahala ba. Juya ta ka duba takardar baya. Sunan samfuri kaɗai bai isa ba, nemi lambar zubi, inda aka rubuta v8 ko v13. TP-Link WR841N, wadda ta cika shagunan Banex Plaza shekara da shekaru, sunanta ɗaya amma cikinta ya sha canzawa, wani zubin Atheros, wani MediaTek. Mai ma'ajin megabait 4 da RAM 32 ta yi ƙanƙanta, OpenWrt ta sallame su bayan fitowar 19.07. Mai Wi-Fi na Broadcom ma sai haƙuri, kamfanin bai saki bayanan da ake buƙata ba. Abin da ke da daraja shi ne na'ura mai ɗan ƙarfi wadda ba ta cikin jerin waɗanda OpenWrt ke tallafawa, musamman zubin da aka kawo kasuwanninmu wanda ba lallai a same shi a Turai ba.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. A ganina, daga Abuja, aika na'urar waje ba shi ne mataki na farko ba. Kuɗin DHL zuwa Turai zai iya ninka kuɗin rautar kanta, ga takardun kwastan. Abin da mai aikin ya fi buƙata shi ne ido da hannu a kusa da na'urar, kuma kai kana da su.

[Hoto: ramuka huɗu a jere a gefen fanel]

Ku dubi ramukan nan huɗu. Ta nan rauta take faɗin duk abin da take yi tun daga kunnawa. Ka sayi ɗan abin haɗi na USB, irin CH340 ko CP2102, masu sayar da kayan Arduino suna da shi. Waya uku kawai za ka jona: GND da GND, sai TX na wannan ya shiga RX na wancan, RX kuma ya shiga TX. Na huɗun, na wuta, kada ka taɓa shi, kuma ka tabbata abin haɗin yana kan volt 3.3, domin volt 5 na iya ƙona fanel. Soka abin haɗin a kwamfuta, a manhajar da ke karanta shi ka saita gudun a 115200, wasu kuma 57600, ka kunna rautar. Rubutu zai fara zubowa: sunan ƙwaƙwalwa, girman RAM, yadda aka yanka ma'aji. Kwafe shi duka, ɗauki hoton fanel gaba da baya a cikin haske yadda lambobi za su karantu, ka tura wa masu aikin. Da wannan kaɗai wani zai iya haɗa maka manhajar gwaji, ka loda, ka gaya masa abin da ya yi da wanda ya ƙi. Duk mai gyaran waya a Banex da ya iya riƙe dalma, wannan wasa ne a wurinsa. In kana da sola ko inbata da ba ta yankewa, kana iya barin na'urar a jone da tsohuwar kwamfuta, mai aikin ya riƙa shiga daga nesa. In da wutar NEPA kaɗai ka dogara, kada ka yi wannan alkawarin, kuma kada ka soma lodi sai da batir a tsakani. Wuta ta ɗauke a tsakiyar lodi, rauta na iya ƙin tashi.

In kuma an ce lallai a aiko, ko za ka miƙa wa ɗalibin kwamfuta a Gwagwalada da ke son koyon aikin, ka fara tabbatar taka ce. Wasu rautocin mallakar kamfanin intanet ne, aro ya ba ka. Na ma'aikatar gwamnati kuwa, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tsara yadda ake rabuwa da kayan hukuma, ba a ɗauka a sa a jaka don an ga ba a amfani da su. Sannan ka goge ta. A ciki akwai kalmar sirrin Wi-Fi, da bayanan shiga na kamfanin intanet, wani lokaci har da makullan VPN na ofis. Danna ɗan ramin nan na baya da tsinke har fitilu su ɗauke su dawo, ka shiga ka duba da idonka cewa komai ya tafi. Haɗa ta da cajarta da eriyoyinta. In MiFi ce, cire batirin kafin ka kai wa masu aike, batirin litiyam yana da nasa dokokin a jirgin sama. Kuma tun kafin ka nemi kwali, rubuta wa masu aikin sunan samfuri da lambar zubi, ka jira wani ya ce yana so.