Ganyen Da Ba A Ƙasa Ya Tsiro Ba

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan ganye ne, amma ganyen da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa.

Aikin ganye ba ɓoyayye ba ne. Ya sha hasken rana, ya tsaga ruwan da saiwa ta jawo masa, ya haɗa da iskar kabon da ke yawo a sarari, ya dafa wa shuka abincinta. Ba wuta, ba hayaƙi. Tun a 1912 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giacomo Ciamician, ya tsaya gaban taro a birnin New York yana hasashen ranar da masana'antu za su koyi wannan sirri daga tsirrai, su rabu da kwal.

Sai da aka shekara 60 kafin a ga alama. A 1972, Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka nuna cewa idan haske ya faɗa kan wani sinadarin titaniyam da aka tsoma a ruwa, ruwan na rabuwa gida biyu, iskar oksijin da iskar haidurojin, wadda ake iya ƙonawa a matsayin makamashi. Wannan sinadari fa ba baƙo ba ne, shi ne farin da ke cikin fentin bango. Cikas ɗinsa, hasken da yake iya sha bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da rana ke aikowa ba. Man fetur bai fito daga nan ba. Abin da ya fito shi ne gilashin taga mai wanke kansa, wanda kamfanin Pilkington ya kai kasuwa a 2001: rana ta narkar da dattin da ya manne, ruwan sama ya ɗauraye.

A 2011 Daniel Nocera na jami'ar MIT a Amurka ya fito da nasa ganyen. Ɗan falle ne na silikon, girman katin karta. Ka jefa shi a kwalbar ruwa, ka ajiye a rana, sai ka ga kumfa na tashi ta fuska biyu, ba waya, ba batir. Duniya ta ɗauka. Bayan shekara biyar, shi da Pamela Silver a Harvard suka haɗa na'urar da ƙwayoyin bakteriya masu cin haidurojin, suka kai ga amfani da kusan kashi 10 cikin 100 na hasken, alhali yawancin tsirrai kashi 1 suke samu.

To, an fi ganye ke nan? A nan ne nake jan birki. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Rana tana ƙona ganye kamar yadda take ƙona na'ura. Akwai wani furotin a cikinsa da haske mai zafi ke lalatawa, amma shuka takan sake sabo kusan duk rabin sa'a, ba ta tambayi kowa ko sisi ba. Na'urorin ɗakin bincike kuwa da dama sukan gaji, wasu cikin kwanaki. Ga kuma tsada. Kamfanin da Nocera ya kafa, Sun Catalytix, jingine ganyen ya yi ya koma ƙera batir, har kamfanin Lockheed Martin na Amurka ya saye shi a 2014.

Shi ya sa aikin da ya fi burge ni ba mai babban adadi ba ne. A 2021 tawagar Kazunari Domen a Japan ta ba da rahoton shimfiɗa faifai masu faɗin murabba'in mita 100 a fili, ƙarƙashin rana da iska, suna fitar da haidurojin wata da watanni. Ingancinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ba su ɓoye ba. Da yake iskokin biyu a cakuɗe suke fitowa, kuma cakuɗarsu na iya fashewa, sai masu binciken suka riƙa kunna wa bututun wuta da gangan, su ga ko zai jure. Ya kuwa jure.

Mu kasance lafiya.